Daren Juma'a a Gidan Petrashevsky: Majalisar Karatun da Ta Kai Mutum 21 Bakin Bindiga

A daren Juma'a 15 ga Afrilun 1849, bisa tsohuwar kalandar da Rasha ke aiki da ita a lokacin, wasu samari kimanin ashirin suka hallara a wani ƙaramin gidan katako da ke unguwar Kolomna a birnin St. Petersburg, kamar yadda suka saba kowane mako. Bayan an sha shayi, sai wani marubuci ɗan shekara 27 mai suna Fyodor Dostoevsky ya zaro wasu takardu rubutun hannu ya karanta wa jama'a a bayyane. Wasiƙa ce da masanin adabi Vissarion Belinsky ya aika wa marubuci Nikolai Gogol kusan shekara biyu kafin wannan dare. Masu sauraro suka yi ta jinjina kai, wasu har da sowa. A cikinsu akwai ɗan rahoton gwamnati, wanda ya rubuta abin da ya gani ya miƙa wa iyayen gidansa.

Bayan kwana takwas aka bi su gida-gida aka kama. Bayan wata takwas kuma aka tsayar da mutum 21 a filin faretin soja cikin ƙanƙara, aka karanta wa kowannensu hukuncin kisa ta hanyar harbi. Babban laifin da aka lissafa wa Dostoevsky shi ne wannan wasiƙa.

Abin da ya sa aka koma gida

Sarki Nikolas na Ɗaya ya karɓi mubaya'a a Disambar 1825, a ranar da wasu hafsoshin soja suka fito da dakarunsu dandalin birni suna neman a sauya tsarin mulki. Ya murƙushe su da igwa, aka rataye biyar, aka kai sama da ɗari Siberiya. Tun daga wannan rana sarkin bai sake sakin jiki da masu ilimi ba. A 1826 ya kafa Sashe na Uku na ofishinsa, wato 'yan sandan ciki masu bin diddigin abin da mutane ke faɗa da abin da suke rubutawa. Ba a buga littafi ko jarida sai hukumar tacewa ta sa hannu, littattafan da ake shigowa da su daga Turai kuma sai an bincika su a kan iyaka. A ƙarƙashin wannan duka akwai miliyoyin bayin gandu, manoman da doka ta ɗaure su a gonakin masu ƙasa, ana iya sayar da su, ana iya yi musu bulala, kuma haramun ne a tattauna makomarsu a fili.

A ƙasar da ba a yarda da jam'iyya ko taron jama'a ba, ɗakin baƙi na gida shi ne wurin da ya rage. Masu hali a St. Petersburg da Mosko suna da al'adar ware rana guda a mako wadda duk wanda aka sani zai iya zuwa ba tare da gayyata ba. Matasa masu karatu suka mayar da wannan al'ada makaranta. A shekarun 1830 wasu ɗalibai a Mosko sukan taru a masaukin Nikolai Stankevich suna karanta falsafar Jamusawa, a cikinsu har da Belinsky da Mikhail Bakunin. A 1834 aka kama wata majalisar ta Alexander Herzen da Nikolai Ogarev, aka kore su daga birni. Saboda haka duk wanda ya buɗe ƙofarsa domin irin wannan zama ya san abin da ya samu na gabansa.

Mai gida da littattafansa

Mikhail Petrashevsky, wanda aka haifa a 1821, ya yi karatu a makarantar 'ya'yan manya ta Tsarskoye Selo, sannan ya karanta shari'a a jami'ar St. Petersburg. Ya kama aikin tafinta a ma'aikatar harkokin waje. Mutanen zamaninsa sun bayyana shi da cewa mutum ne mai gardama da baƙin naci, mai son a lura da shi, wanda ke barin gemu a lokacin da aka hana ma'aikatan gwamnati barinsa. Ya yi imani da koyarwar Bafaranshen nan Charles Fourier, wanda ya rasu a 1837, mai ganin cewa za a kawar da talauci idan mutane suka zauna a manyan gidajen haɗin gwiwa suna aiki tare, kowa yana yin sana'ar da ta dace da halinsa. Fourier bai yi kira da a ɗauki makami ba, kuma Petrashevsky ya daɗe yana ganin lallashi da gyaran doka su ne hanya.

Tun daga 1845 ya mayar da daren Juma'a ranar karɓar baƙi. Masu zuwa yawancinsu ƙananan ma'aikatan gwamnati ne, da malaman makaranta, da ƙananan hafsoshi, da ɗalibai, da marubuta masu tasowa. Ba a ajiye rajista ba, ba a rantsar da kowa ba. Aboki kan kawo abokinsa, wani ya zo sau biyu ya daina, wani ya shekara yana zuwa. Mikhail Saltykov, wanda daga baya ya yi suna wajen rubutun zambo, yana cikin na farko-farko. Akan fara da shayi, wani ya yi jawabi a kan littafin da ya karanta ko batun da ya nazarta, a yi ta muhawara, a ci abincin dare, a watse bayan tsakar dare.

Abin da ya fi jan mutane zuwa gidan shi ne littattafai. Petrashevsky ya tara ɗakin karatu na haramtattun littattafai da ba a samun irinsa a saukake, kuma ya shirya karo-karo tsakanin abokansa domin a riƙa yin odar sababbi daga waje, kowa ya ara ya dawo da shi. A kan kantocinsa akwai Fourier da almajirinsa Victor Considerant, da Proudhon, da Louis Blanc, da Étienne Cabet, da Bajamushe Ludwig Feuerbach. Ga matashin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, wanda kuma kantin littattafai ba zai sayar masa da waɗannan a fili ba, karo-karon ya buɗe masa ƙofar da kuɗinsa shi kaɗai ba za su buɗe ba.

Petrashevsky ya kuma gwada fitar da abin da ake tattaunawa zuwa waje ta wata dabara. Ya shiga aikin wani ƙaramin ƙamus na kalmomin aro da suka shigo harshen Rashanci. A kashi na biyu da ya fito a 1846, wanda shi ya rubuta mafi yawansa, sai bayanin kalmomi ya zama hanyar cusa ra'ayoyin gurguzu da sukar mulkin kama-karya. Masu tacewa suka sa hannu kafin su farga. Da aka gane, aka janye littafin daga kasuwa.

Dostoevsky ya fara zuwa a 1847. A lokacin ya riga ya yi suna da littafinsa na farko, wanda ya fito a 1846 kuma Belinsky ya yaba ƙwarai, amma littattafan da suka biyo baya ba su samu karɓuwa ba, tsakaninsa da Belinsky kuma ta yi tsami. Bai ɗauki tsarin Fourier da muhimmanci sosai ba. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne bautar gandu da kuma yadda hukumar tacewa ke shaƙe marubuta.

Shekarar da ta sauya lissafi

A Fabrairun 1848 juyin juya hali ya kifar da Sarki Louis-Philippe a Faransa, wutar ta bazu zuwa Austriya da ƙasashen Jamusawa da Italiya. Nikolas ya ga gemun maƙwabtansa ya kama da wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. A Afrilu ya kafa wani kwamitin sirri da ke sa ido a kan masu tacewar su kansu. A wannan shekarar ce Petrashevsky ya rarraba wata takarda ga masu ƙasa na lardin St. Petersburg a kan sauya dokar mallakar gonaki, abin da ya jawo hankalin hukuma kansa. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta ɗora wa wani jami'inta, Ivan Liprandi, aikin bibiyarsa, kuma ya shafe fiye da shekara yana yi. Liprandi ya samo wani tsohon ɗalibin jami'a, Pyotr Antonelli, aka nema masa aiki a ma'aikatar da Petrashevsky yake, ya yi ta kusantarsa har ya fara halartar zaman Juma'a a Maris ɗin 1849. Buɗaɗɗiyar ƙofar da ta ba majalisar albarka ita ce ta shigo da shi.

A cikin gidan ma abubuwa sun sauya. Jama'a sun ƙaru, zaman ya koma mai tsari, ana naɗa shugaba da 'yar ƙararrawa a gabansa domin tsawatar wa masu katse magana. Nikolai Danilevsky ya yi jerin jawabai yana fayyace tsarin Fourier. Aka yi zazzafar muhawara a kan gyaran da ya kamata ya zo farko. Wani matashin lauya, Vasily Golovinsky, ya tsaya a kan 'yanta bayin gandu, Petrashevsky kuma ya ce gyaran kotuna ne ya fi gaggawa domin zaluncin shari'a ya shafi kowa. A ranar 7 ga Afrilun 1849 mutum goma sha ɗaya suka yi walimar tunawa da ranar haihuwar Fourier a gidan ɗaya daga cikinsu, a gaban hotonsa da aka yo oda daga Paris.

Majalisar ta kuma haifi rassa. Wasu marubutan da suka gaji da cunkoso da baƙin fuskoki suka koma taruwa ranar Asabar a gidan da Sergei Durov da Alexander Palm ke haya tare. Kowa yana ba da rubul uku a wata domin abinci da hayar fiyano, da niyyar a riƙa karanta adabi ana sauraron kiɗa. Ba a daɗe ba siyasa ta biyo su can, har wani ya kawo shawarar a riƙa buga rubuce-rubuce a ɓoye ana rarrabawa.

A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani rukuni da mafi yawan masu zuwa Juma'a ba su san da shi ba. Nikolai Speshnev, wani mai dukiya da ya zauna a Turai shekaru, ya yanke ƙauna daga lallashi. Ya tara mutane ƙalilan, Dostoevsky na cikinsu, da nufin kafa maɗaba'ar sirri. Aka sa aka ƙera sassan injin a wurare daban-daban, aka harhaɗa shi a gidan ɗaya daga cikinsu. Shekaru da yawa bayan haka mawaƙi Apollon Maikov ya ba da labarin daren da Dostoevsky ya kwana a gidansa yana ƙoƙarin jawo shi cikin shirin, shi kuwa ya ƙi.

Wasiƙar

A 1847 Gogol, wanda masu neman sauyi ke ɗauka nasu ne saboda yadda littattafansa suka tona asirin cin hanci da ruɓewar hukuma, ya fitar da wani littafi yana wa'azin biyayya ga sarki da coci, yana kuma ba masu ƙasa shawarar yadda za su riƙe bayinsu. Belinsky na jinyar tarin fuka a garin Salzbrunn, nesa da masu buɗe wasiƙun Rasha, sai ya rubuta masa martani mai zafi a Yulin wannan shekara. Ya caccaki malaman coci, ya ce abin da ƙasar ke buƙata a gaggauce shi ne a soke bautar gandu, a daina hukuncin bulala, a kuma yi aiki da dokokin da ake da su tsakani da Allah. Belinsky ya rasu a 1848. Wasiƙar ta ci gaba da yawo ana kwafarta da hannu. Mawaƙi Aleksei Pleshcheyev ne ya aiko wa Dostoevsky kwafi daga Mosko, shi kuma ya karanta ta a gidan Durov kafin ya karanta a gidan Petrashevsky.

A nan ne ake ganin abin da hukuma ke tsoro game da karatun taro. Mutumin da ya karanta haramtacciyar takarda shi kaɗai a ɗakinsa yakan ɗauka shi ne kawai mai irin wannan tunani, tsoro kuma ya sa ya yi shiru. Idan aka karanta ta a gaban mutum ashirin, kowa yana ganin fuskar ɗan'uwansa, sai kowa ya tashi da sanin cewa yana da abokan ra'ayi. Kwafi guda ya isa ɗaki guda, kuma masu tacewa ba su da iko a kan murya.

Kamu da bincike

Da asubahin 23 ga Afrilu jami'ai suka tashi Dostoevsky daga barci, suka kwashe takardunsa da littattafansa. Sama da mutum talatin aka kama a wannan dare, har da ƙanensa Andrei, wanda aka ɗauka bisa kuskure a maimakon yayansu Mikhail. Aka kai su kurkukun sansanin Bitrus da Bulus, aka kulle waɗanda ake ganin sun fi haɗari kowa a ɗakinsa. Kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Ivan Nabokov ya binciki mutum 123.

Liprandi ya so a yarda cewa ya bankaɗo gagarumin shiri mai rassa a faɗin ƙasa. Kwamitin bai samu makamai ba, bai samu ƙungiya mai shugabanci da tsari ba, sai ya kira abin makircin ra'ayoyi. Masu binciken sun ji labarin injin buga takardu, amma ba su same shi ba, domin dangin mai gidan da aka ajiye shi sun fitar da shi a ɓoye, kuma ba su gano iyakar waɗanda ke cikin shirin Speshnev ba. Dostoevsky ya kare kansa da cewa ya karanta wasiƙar ne a matsayin rubutun adabi, tare da amsar Gogol, ba tare da ya nuna ɓangaren da ya goya wa baya ba. Ya kuma yi iya ƙoƙarinsa kada ya jefa kowa cikin ƙarin bala'i. Abin da ya fi zama laifi a aikace ya tsira daga idon hukuma, sai hukunci ya faɗa kan abin da aka faɗa da baki. Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya.

An yanke wa mutum 21 hukuncin kisa. Hukumar da ta duba shari'ar ta ba da shawarar a yi sassauci, sarkin ya amince, amma ya ba da umarnin kada a sanar da su sai an kammala duk shirin kisan.

Filin Semyonov

Da safiyar 22 ga Disambar 1849 aka ɗebe su a kekunan doki zuwa filin faretin Semyonov, inda sojoji suka yi sahu, jama'a kuma suka taru. Bayan wata takwas a kulle, wasunsu da ƙyar suka gane juna. Aka hau da su kan dandamali, aka karanta wa kowa laifinsa da hukuncinsa, limamin coci ya zagaya da gicciye, aka sanya musu fararen riguna masu hular rufe fuska. Aka ɗaure uku na farko a jikin turaku: Petrashevsky, da Nikolai Mombelli, da Nikolai Grigoriev. Dostoevsky yana cikin ukun da za su biyo baya. Sojoji suka ɗaga bindigogi suka auna. Sai aka buga gangar janyewa, aka karanta takardar sassaucin sarki.

A nan take aka buga wa Petrashevsky mari a ƙafa, aka ɗora shi a keken doki zuwa Siberiya da hukuncin gwale-gwale na rai da rai. Speshnev ya samu shekara goma. Dostoevsky da Durov suka samu shekara huɗu-huɗu, sannan aikin soja a matsayin kurtu. Aka tura Pleshcheyev aikin kurtu a yankin Orenburg. Grigoriev, wanda hankalinsa ya fara taɓuwa tun a kurkuku, bai sake dawowa daidai ba.

Abin da ya biyo baya

A kan hanyar Siberiya, a garin Tobolsk, matan hafsoshin da aka kora tun bayan tawayen 1825, waɗanda suka bi mazajensu can, suka ba Dostoevsky kwafin Sabon Alkawari da takardar rubul goma ɓoye a cikin bangonsa. Shi ne kaɗai littafin da doka ta yarda fursuna ya riƙe. Mutumin da aka ɗaure saboda karatu cikin abokai ya shafe shekara huɗu a kurkukun Omsk da littafi guda, a cikin ɗakin da bai taɓa samun kaɗaici ba. Ya fito a 1854, ya yi aikin soja a Semipalatinsk, ya koma St. Petersburg a ƙarshen 1859 da ra'ayoyin da suka yi hannun riga da na ƙuruciyarsa. Ya zama mai kare addini da sarauta, mai sukar 'yan juyin juya hali. Duk da haka abin da ya gani ya bi shi cikin rubutunsa: rayuwar kurkuku ta zama littafi, mintocin jiran harbi sun fito a bakin jarumin wani littafin, masana da dama kuma na ganin inuwar Speshnev a cikin littafin da ya rubuta kan 'yan ƙungiyar asiri a farkon shekarun 1870. Danilevsky, wanda ya koyar da Fourier a daren Juma'a, shi ma ya ƙare a matsayin babban mai kishin ƙabilun Slav. Majalisar ba ta fitar da mutane masu ra'ayi ɗaya ba. Ta dai koya musu karatu da gardama, kowa ya tafi da su inda ya nufa.

Nikolas ya rasu a 1855, ana tsakiyar yaƙin Kirimiya da ya tona raunin daularsa. A wannan shekarar Herzen ya buga wasiƙar Belinsky a Landan, a cikin Rasha kuwa ta ci gaba da zama haramtacciya shekaru da dama. Ɗansa Alexander na Biyu ya soke bautar gandu a ranar 19 ga Fabrairun 1861, abin da ya shafi mutum kimanin miliyan 23. A 1863 aka soke mafi munin hukuncin bulala, a 1864 aka yi wa kotuna garambawul. Abubuwan da Golovinsky da Petrashevsky suka yi musu a kan wanne zai riga wanne, duka biyun sun tabbata cikin shekara goma sha biyar, da sa hannun ɗan sarkin da ya tsayar da su a gaban bindiga.

Petrashevsky bai ga ko ɗaya daga cikinsu a St. Petersburg ba. Afuwar 1856 ta fitar da shi daga gwale-gwale, amma ya ƙi ɗaukarta a matsayin alfarma. Ya ci gaba da aika takardun ƙorafi yana neman a sake duba shari'arsa, domin a ganinsa an saɓa doka wajen yanke ta. Gardamarsa da gwamnonin Siberiya ta sa aka yi ta mayar da shi daga wannan gari zuwa wancan. Ya rasu a Disambar 1866 a ƙauyen Belskoye na lardin Yenisei, yana da shekara 45, ba a sake buɗe shari'ar ba.